Ranar da na katse Inna a gaban jama'a

Har yau idan na tuna abin da na yi wa Inna a taron nan, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daminar bara aka ɗora min jagorancin masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a mazaɓarmu, can wajen Dukku, wanda ake bi gida-gida wata-wata ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59. Mu goma sha biyu ne: ma'aikatan sha-ka-tafi, 'yan sa-kai, da Inna, ungozomar da rabin yaran garin a hannunta suka faɗo. "Ɗana" take ce min tun zuwana.

A makaranta a Kaltungo an karantar da mu bayanin masanin halayyar ɗan Adam Bruce Tuckman na 1965, cewa ƙungiya takan fara da kunyar juna, sai rigima, sai a daidaita, sannan aiki ya kankama. Na haddace, na ci jarrabawa. Amma da na ga kowa "to, ranka ya daɗe" kawai yake cewa, sai na ɗauka mu Allah Ya tsallakar da mu rigimar. Ashe kara ake min.

A wajen bita Inna ta fara cewa akwai gidajen da gara a miƙa wa uwa maganin ta ba yaro da kanta. Na katse ta: "Haba Inna, ai ba jiƙo ba ne. Na ranar farko a gabanmu za a sha, na rana ta biyu da ta uku ake bar wa uwa." Gaskiya na faɗa, amma aka kwashe da dariya. Ta gyara mayafinta, ta ce, "To, Likita."

Ashe ba ta kai aya ba. Akwai unguwar da magidanta ba sa barin namiji ya wuce zaure, ni kuwa samari biyu na tura can. Kwana uku suna sallama ana ce musu maigida ba ya nan. Su ma suka ja bakinsu, don wa zai so a yi masa abin da aka yi wa Inna? Sai daren rana ta uku, ina duba takardun ƙidaya da fitilar waya, na ga layin unguwar fayau, ga kwana ɗaya ya rage a gama rabon watan.

Bayan sallar asuba na tafi gidanta da goro. Ta bar ni tsugune ta gama lazimi, sannan ta ce, "Da ka bari na ƙarasa." Ta ɗauki mata biyu, kafin la'asar sun gama unguwar.

Rigimar da na yi murnar tsallakewa kuwa ta zo a taron gaba, da na ce kowa ya amayar da abin da ke cikinsa: kuɗin mota, rabon unguwanni, da saƙonnina na Turanci a WhatsApp da wasu ba sa karantawa. Na ji zafi, amma na haɗiye. Yanzu saƙon murya nake turawa da Hausa, ƙananan ma'aikata ke fara magana kafin ni, kuma duk umarnin da na bayar sai wani ya maimaita min shi da bakinsa. Gyara kuwa a keɓe nake yinsa, ko da yaron da ya fara aiki jiya ne.

Inna tana zuwa taro, tana magana, har tana katse ni ma. Sai dai har yanzu "Likita" take ce min.