Ruwan Ada Ya Ci Mini Waya

Wata uku kacal da sayen wayar nan, ko bashinta ban gama biya ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Washegarin ƙaramar sallah ne muka tashi daga unguwar Nima ta Accra mu bakwai, har da kawuna, muka bi ta Tema, muka karya kwana a Kasseh sai Ada Foah, wajen kilomita 100 daga Accra. Can ne kogin Volta ke zuba cikin teku. Mai kwalekwale ya sauke mu a wani siririn tudun yashi da hantsi: dama kogi kwance lumui kamar an shimfiɗa tabarma, hagu teku na ta ruri.

Kafin ya juya, sai ya nuna mana wani layi na busasshiyar ciyawa da ledoji can sama a kan yashin, ya ce da gurguwar Turancinsa mu ajiye kaya bayan wannan layin. Ni kuwa na ɗauka so yake ya tura mu rumfunan da ake biyan kuɗi a gindin kwakwa. Kawu ya ce, "Kai yaro, mai wuri fa ya yi magana." Na ce, "Kawu, kogi ne fa, ba teku ba." Na shimfiɗa tabarma dab da ruwa, na jera kular wake da shinkafa da jakunkuna. Wayar ma da hannuna na cusa ta cikin jaka, wai kada ta jiƙe a bakin teku!

Muka yi azahar, muka tsallaka ɓangaren teku, ƙwallo da hira suka ɗauke mu. Da muka dawo gab da la'asar, inda tabarmar take ruwa ya wuce idon sawu. Kula na yawo, takalmin ƙanena ƙafa ɗaya ya yi gaba, jakata ta sha ta ƙoshi.

Ashe a bakin nan teku ke juya kogi. Sau biyu a rana ruwa ke cika ya janye, kowanne wajen awa shida, kuma cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Mu da muka kwana duban wata shekaranjiya, ba wanda ya kawo wannan a ransa. Ruwan da ya hau kuwa na gishiri ne. Na binne wayar cikin ɗanyar shinkafa kwana uku, a banza. Mai gyara a Circle, kasuwar wayoyi ta Accra, ya buɗe ta, ya nuna mini cikinta ya yi kore, ya miƙo mini ba tare da ya ce uffan ba.

In za ku je, ku tambayi mai jirgi ƙarfe nawa ruwa ke hawa, ku nemi rigar ceto kafin ku shiga, kuma kada ƙarfin hali ya kai kowa iyo a daidai inda ruwan biyu ke haɗuwa, jansa ba na wasa ba ne. Layin ledojin nan kuma, ku haye bayansa.

Ina so in koma wajen Disamba, lokacin da kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai da dare. Da na faɗa wa Kawu, sai ya ce, "To, a gaida kogi."