Wata Shida Ina Zana Tumfafiya da Tsutsarta: Inda Na Kai

'Yan uwa masu koyon zanen halittu, barkanmu da war haka. Na yi alkawarin zan faɗa muku yadda aikin nan nawa yake tafiya, ga shi yau na cika. Wata shida ke nan ina kan tsiro ɗaya tak, wato tumfafiya, da wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro wanda tsutsarsa ke cin ganyenta. Masana suna kiran tsiron Calotropis procera, shi kuma ƙwaron Danaus chrysippus. Na rubuta sunayen nan biyu a shafin farko na littafin zanena tun ranar da na fara, domin idan ka kuskure sunan abin da ka zana, duk wahalarka ba ta amfani kowa ba.

Abin da ya sa na tsaya kan abu ɗaya shi ne na karanta sharaɗin baje kolin zanen tsirrai da ƙungiyar masu kula da lambuna ta Birtaniya, Royal Horticultural Society, take shiryawa a Landan. Ba a zuwa da zane guda. Aƙalla shida ake kawowa, duk a kan jigo ɗaya, kuma tare ake auna su kafin a ba da lambar zinariya ko azurfa ko tagulla. Ban kai can ba, kuma ba yanzu ba, amma na ɗauki sharaɗin na ɗora wa kaina. Da, yau fure gobe tsuntsu jibi ƙadangare, kowanne rabi-rabi. Da na ce shida kan abu ɗaya, sai idona ya fara zama wuri guda.

Watan farko fensir kawai na riƙe. Da fensir mai tauri, wato 2H, nake fara shata layi saboda ba ya baƙanta takarda, sai in bi da matsakaici, HB, inuwa mai zurfi kuma mai laushi, 2B. Abin da ya fi canza mini aiki a watan nan shi ne kamfas mai tsini biyu. Kana buɗe shi a kan ganyen, daga gindi zuwa tsini, ka kawo shi kan takarda ka ɗiga alama biyu, sannan faɗi, sannan tazarar da ke tsakanin jijiya da jijiya. Ganyena na farko da na auna ya kai santimita 14, amma wanda na zana da ido kafin nan bai wuce 11 ba, kuma na sirance shi. Hannuna yana zana ganyen da ke cikin kaina ne, mai doguwar wutsiya da siririn baki. Ganyen tumfafiya kuwa kusan ba shi da wutsiya, gindinsa kamar ya rungume karan yake, ga kauri, ga wata ƙura fara-fara a jikinsa wadda take gogewa idan ka shafa da yatsa. Ganyayen suna fitowa bibbiyu suna fuskantar juna, biyun da ke sama kuma sai su gitta na ƙasa. Sai da na leƙa karan daga sama na ga wannan gittawar, bayan na yi mako biyu ina jera su duk a gefe ɗaya.

Wanda zai yanki reshe ya kula da farin ruwan da ke fita. Yana da illa ga ido ƙwarai. Ina sa safar hannu, ina wanke hannu kafin in taɓa fuska, kuma ba na barin reshen kusa da takardar da nake aiki a kai.

A wata na biyu na shiga fentin ruwa, nan ne na sha wuya. Koren tumfafiya ba koren da ke cikin akwatin fenti ba ne. Kore ne mai toka-toka wanda ya ɗan karkata zuwa shuɗi, kuma reshen da ka yanko da safe kafin azahar ya fara laushi, launinsa ya dushe. Sau uku ina haɗa launi, kafin in gama ganye ɗaya wanda ke gabana ya riga ya sauya.

Mafita ta zo mini daga wani mai zane ɗan ƙasar Ostiriya, Ferdinand Bauer. A 1786 ya bi wani malamin ilimin tsirrai na jami'ar Oxford, John Sibthorp, zuwa Girka da kewayenta. Tafiya ce ta sauri, babu lokacin zama a yi fenti. Sai ya riƙa zana tsiron da fensir, yana rubuta lambobi a kan kowane sashe, kowace lamba tana nufin wani launi cikin jerin kusan 140. Bayan ya koma Ingila ya zauna shekaru yana mayar da lambobin nan launi. Da ya bi jirgin ruwan Matthew Flinders zuwa Ostareliya a 1801, jerin nasa ya ƙaru zuwa kusan launi dubu. Ni dai na yi nawa ɗan ƙarami: takarda ɗaya, ɗakuna 36, kowane ɗaki na shafa launin da na haɗa, na rubuta abin da na haɗa da me a ƙarƙashi. Yanzu ba na yankan reshe sai dole. Ina zuwa gindin tsiron da allona, in kara takardar launukan a jikin ganye, in rubuta lamba. Saman ganye 12, ƙasansa 9, jijiyar tsakiya 4. Idan na dawo tebur babu sauran kokonto. Ina ba ku shawara ku yi naku da hannunku, da irin fentin da takardar da kuke aiki da su, don launi ɗaya yana fita daban a kan takarda daban.

Takardar da nake amfani da ita mai santsi ce, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita. Mai kaushi tana da kyau ga mai zanen daji da gajimare, amma ba ta barin siririn layi ya fita. Haske kuma daga sama ta hagu nake sa shi ya zo a kowane zane, kamar yadda aka saba a zanen kimiyya, don mai kallo ya san wane wuri ne tudu wane ne kwari.

Furen ya ci mini mako uku. Ƙarami ne, bai fi santimita 2 ba, mai kunne biyar, fari daga ciki, bakin kowane kunne kamar an tsoma shi a shunayya. A tsakiya akwai wani ɗan rawani mai ginshiƙi biyar, samansa fili ne mai kusurwa biyar. Da ido kawai ɗigon launi nake gani. Da na sa madubin hannu mai ƙara girma sau 10, sai na tarar da gini sosai. Na tsaga fure ɗaya da reza daga sama zuwa ƙasa, na zana cikinsa na ninka girmansa sau 5, na ja ɗan layin awo a gefe na rubuta milimita 5. Layin nan ya fi rubuta "sau 5" amfani, saboda idan aka buga zanen aka rage shi ko aka ƙara, layin yana bin zanen, rubutun kuwa ya zama ƙarya.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi zama. A wata na huɗu na ga ƙwai guda ɗaya a ƙasan wani ganye, fari-fari, kamar kan allura, mai tsaga-tsaga daga sama zuwa ƙasa. Na kawo ganyen na sa a kwalba mai faɗin baki, na rufe da yadi shara-shara, kullum ina canza sabon ganye ina share kashin. Tsutsar da ta fito ta yi ta ci tana saɓa, tana ƙara girma, jikinta zobe-zobe na baƙi da fari da ɗigon rawaya. Tana da wasu siraran ƙahoni masu laushi guda shida, bibbiyu a wuri uku. A zanena na farko huɗu na sa mata, biyu gaba biyu baya, domin haka na saba gani a hoton wata 'yar uwarta ta Amurka. Sai da na zauna na ƙirga sannan na ga na tsakiyar.

Ina wannan renon ne nake tuna Maria Sibylla Merian, wadda aka haifa a Frankfurt ta Jamus a 1647. Tana 'yar shekara 13 ta fara renon tsutsar siliki tana zana kowane mataki. A zamaninta mutane da yawa sun ɗauka ƙwari daga laka da ruɓaɓɓen abu suke fitowa. Ita kuwa ta riƙa nuna ƙwai da tsutsa da ƙwanso da malam-buɗe-littafi a shafi ɗaya, a kan tsiron da suke ci. A 1699, tana da shekara 52, ta tashi daga Amsterdam da ƙaramar 'yarta Dorothea zuwa Suriname a Kudancin Amurka, ta yi shekara biyu har rashin lafiya ya sa ta dawo, a 1705 kuma ta fitar da littafinta mai manyan zane 60. Abin da yake burge ni game da ita shi ne haƙurin jira. Ba za ka iya gaggauta tsutsa ba. Idan ba ka nan ranar da ta sauya, sai ka sake reno daga ƙwai.

Ni ma saura kaɗan in rasa. Wata yamma na ga tsutsar ta daina ci, ta hau murfin, ta rataya da kai ƙasa ta lanƙwashe kamar ƙugiya. Na zana ta haka da sauri. Washegari na tarar da ƙwanso kore shar, santsi kamar an goge shi da mai, da jerin ɗigo masu ƙyalli kamar zinariya. Ɗigon nan sun ba ni aiki. Na gwada rawaya zalla, ya fito kamar ƙura. Abin da ya yi shi ne barin ɗan farin takarda a tsakiya, rawaya a kewaye, sai ɗan ruwan ƙasa mai duhu a gefe ɗaya. Ido da kansa yake mayar da shi zinariya.

A rana ta takwas ƙwanson ya yi duhu, ana hango fiffiken ta cikinsa. Na kwana da kwalbar kusa da ni. Da sassafe ƙwanson ya tsage, malam-buɗe-littafin ya fito a jiƙe, fiffike a cukurkuɗe kamar tsumma, ciki a kumbure. Ya rataya yana tura ruwa cikin jijiyoyin fiffike, ina kallo suna miƙewa. Zane bakwai na yi a cikin minti ashirin, kowanne na rubuta lokaci a gefe. Ba masu kyau ba ne, layi ne kawai da lambobin launi, amma su na fi ji da su cikin duk abin da na yi a wata shidan nan.

Abu biyu na koya daga gare shi kafin in sake shi. Na san ƙwaro ƙafa shida gare shi, don haka hannuna ya tafi zai zana shida. Da huɗu yake tsaye. Biyun gaba ƙanana ne, a naɗe suke a ƙirji, sai da madubi na gan su. Na biyu, hoton da nake dubawa ya nuna fiffiken baya ruwan goro ne, nawa kuwa fari ne kusan duka. Nau'i ɗaya ne, amma launin yana bambanta daga yanki zuwa yanki. Na zana nawa yadda yake, na rubuta kwanan wata. Ɗigon da ke tsakiyar fiffiken baya huɗu ne, wanda ya nuna namiji ne, mace uku gare ta.

Wata 'yar uwa a cikinku ta tambaye ni ko wannan abin yana zama sana'a, tunda ga kyamara a kowace waya. Yana zama. Kyamara tana ɗaukar reshe ɗaya da ramin da ƙwaro ya ci da inuwar da ta rufe rabinsa. Mai zane yana duba reshe goma, ya fitar da abin da ya haɗa su, ya sa fure da 'ya'ya da iri a shafi ɗaya ko da ba lokaci ɗaya suke fitowa ba. Shi ya sa har yau idan masana za su bayyana sabon nau'in tsiro suna neman zanen tawada. Margaret Flockton ta yi aiki a lambun binciken tsirrai na Sydney daga 1901 zuwa 1927 tana zana wa masanin tsirrai Joseph Maiden, kuma yanzu akwai gasar zanen kimiyya ta baƙi da fari da ake yi da sunanta. A lambun Kew na Landan an buɗe zauren Shirley Sherwood a 2008 don baje zanen tsirrai kaɗai. Masu wannan aikin da yawa suna haɗa uku ne: zana wa masu bincike, koyar da ɗalibai, da kai aikinsu baje koli. Ɗakin ajiyar busassun tsirrai shi ne makarantarsu ta gaske, inda ake jiƙa busasshen fure a ruwan ɗumi ya buɗe, a sa shi ƙarƙashin madubi.

Cikin zane shidan, huɗu sun kammala: reshe da ganye, fure da tsagaggen cikinsa, tsutsa a matakanta, da ƙwanso da fitowar malam-buɗe-littafi. Na biyar shi ne ɗan tumfafiyar, wannan kumburarren ƙwallon mai iska a ciki. Na shida kuma irin, kowanne da gashinsa mai kama da siliki, kuma shi ne ban samo kansa ba tukuna. Farin gashi a kan farar takarda ba ya fita. Na gwada bin gefensa da toka mai haske, ya yi kama da hayaƙi. Makon nan zan gwada shi da alƙalamin tawada mai bakin 0.1, in yi inuwar da ɗige-ɗige a bayan gashin, in bar gashin kansa farar takarda. Duk wanda ya taɓa zana farin gashin tsuntsu ko irin da iska ke ɗauka ya faɗa mini yadda ya yi, don akwai ɗa guda a jikin tsiron da nake zuwa wanda ya fara tsagewa, ba zai wuce kwana biyu ba.