Sabon shugaba, sabuwar kaka: yadda ake kama tikiti a gidajen wasan kwaikwayon Landan

Duk lokacin da wani babban gidan wasan kwaikwayo ya yi sabon daraktan fasaha, wato mutumin da ke zaɓar wasannin da za a nuna da waɗanda za su shirya su, sai ka ga kakarsa ta farko ta ja jama'a fiye da yadda aka saba. Kowa yana so ya ga kamun ludayinsa. 'Yan jarida su yi ta rubutu, manyan 'yan wasa su amsa gayyata, tikiti kuma ya ƙare tun mai sha'awa bai gama karanta jadawalin ba. A 'yan shekarun nan Landan da kewayenta sun ga irin wannan sauyi a jere. Indhu Rubasingham ta karɓi National Theatre daga hannun Rufus Norris a 2025, ita ce mace ta farko da ta riƙe wannan kujera. David Byrne ya gaji Vicky Featherstone a Royal Court a 2024, shekarar da Tim Sheader ya karɓi Donmar Warehouse. Nadia Fall ta gaji Kwame Kwei-Armah a Young Vic. Can garin Stratford-upon-Avon kuwa, Daniel Evans da Tamara Harvey ne suka karɓi Royal Shakespeare Company tare a 2023.

Kuskuren da mai sayen tikiti ya fi yi shi ne ya ɗauka ranar da aka ambaci sunan sabon shugaba, ranar wasanninsa za su fara. Ba haka abin yake ba. Babban gida yana tsara wasanninsa tun da sauran shekara ɗaya zuwa biyu, domin sai an ƙulla yarjejeniya da marubuci, an samu lokacin da darakta da 'yan wasa ba su da wani aiki, an zana dandamali, an ɗinka kaya. An sanar da naɗin Rubasingham a Disamba 2023, amma wasan farko na kakarta bai hau dandamali ba sai Satumba 2025. Duk abin da aka kalla a tsakanin nan girkin Norris ne. Saboda haka idan burinka shi ne ka ga aikin sabon hannu, kada ka dubi ranar naɗi, ka nemi sanarwar da gidan da kansa ya kira kakar farko ta sabon darakta. Kuma a cikinta ka fara duba wasan da shi da kansa zai ba da umarni, don a nan ne yake faɗa wa jama'a inda ya dosa.

Akwai dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci ga aljihunka. Sabon shugaba yakan canza ɗabi'ar gida. Emma Rice ta karɓi Shakespeare's Globe a 2016, ta shigo da fitilu da na'urorin sauti na zamani cikin gidan da aka gina don a yi wasa da hasken rana kamar zamanin da. Jama'a sun cika wuri, amma a Oktoba na shekarar hukumar gidan ta sanar cewa za ta tafi a 2018, Michelle Terry ta gaje ta. Wanda ya sayi tikiti bisa abin da ya saba gani shekara biyar baya, ya je ya tarar da wani abu dabam. Ra'ayina a nan shi ne, a kakar farko kada ka kwashi wasanni biyar ko shida a zama ɗaya. Ɗauki biyu: na shugaban da kansa, da wani ɗaya na darakta ko marubucin da ka riga ka san aikinsa. Sauran ka bari a fara tukuna.

To yaya za ka san wanda ba zai jira ka ba? Lissafi ne mai sauƙi: yawan kujeru sau yawan lokutan da za a nuna wasan. Donmar kujera 251 gare shi. A ce wasa zai yi mako takwas, ana nuna shi sau takwas a mako, ka ga sau 64 ke nan, tikiti 16,064 kacal ga duk mai so. Ɗakin Olivier na National Theatre yana ɗaukar kimanin mutum 1,150, wasa 64 a can ya haura tikiti 73,000. Idan aka sa fitaccen ɗan fim a ƙaramin ɗaki irin Donmar, ko Almeida, ko Dorfman na National ɗin, to wannan shi ne wanda za ka yi wa sammako. Na babban ɗaki, sai dai in sunan ya yi girma ƙwarai, yawanci akan samu kujera ko da an fara.

Sayarwa kuma ba ta buɗewa ga kowa a rana ɗaya. Gidajen da ke karɓar tallafi suna da matakan mambobi: masu ba da gudummawa mai tsoka su ne farko, sai mambobin da ke biye, sai na ƙaramin mataki, sannan sauran jama'a bayan kwanaki. Katin mamba shekara ɗaya yake yi, kuma abin da yake saya maka shi ne shiga layi da wuri, ba tabbacin kujera ba. Kafin ka biya, ka duba abu biyu. Na ɗaya, ranar da matakinka zai buɗe, don idan tsakaninka da sauran jama'a kwana ɗaya ne kuma manyan matakai uku sun riga ka, ribar kaɗan ce. Na biyu, ko katin yana fara aiki nan take. Wanda ya yi rajista da safiyar ranar sayarwa yakan tarar shafin bai gane shi a matsayin mamba ba tukuna. A yi wannan da sauran mako guda. In wasa ɗaya kake nufin kallo a babban ɗaki, katin bai cancanci kuɗinsa ba.

Ranar sayarwa ita ce inda ƙananan abubuwa ke kayar da mutum. Tun daren jajibirin ranar ka shiga asusunka a shafin gidan, ka tabbatar kalmar sirrinka tana aiki, adireshinka da lambar wayarka daidai suke. Saƙon sauya kalmar sirri yakan makale a ranar da dubban mutane ke nemansa lokaci guda. Ka rubuta ranaku uku ko huɗu da za ka iya zuwa, ka jera su, ka kuma tsayar da iyakar abin da za ka kashe. Ka buɗe taswirar ɗakin ka san layukan da kake so tun kafin agogo ya fara ƙirga maka.

Yawancin shafukan suna da ɗakin jira. Wanda ya shiga kafin lokaci, na'ura ce ke raba masa lamba ta hanyar ƙuri'a idan lokacin ya yi, wanda ya zo bayan nan kuma sai ya bi baya. Ma'ana, shiga da awa uku bai fi shiga da minti goma ba, amma makara da minti biyu na iya jefa ka bayan dubbai. Da ka samu lamba, ka bar shafin yadda yake. Sabunta shi ko buɗe shi a tagogi da yawa na iya sa ka rasa gurbinka. Idan layi ya zo kanka, fara da wasan da ya fi wuyar samu, ka biya shi in hali ya yi, sannan ka koma kan sauran. Kujerun da ka zaɓa mintuna ƙalilan ake riƙe maka su, agogon yana nan a saman shafi, yana cika za a sake su ga wani. A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa: banki ya turo lambar tabbatarwa zuwa wayar da ke wani ɗaki, ko ya tare cinikin saboda ya ga kuɗi mai yawa a shafin da bai saba gani ba. Waya a hannu, katin banki na biyu a gefe.

Wani abin da ke ɓata lokaci shi ne dokar kujera tilo. Idan kujeru huɗu ne a jere kai kuma biyu kake so, na'urar ba za ta yarda ka ɗauki biyun tsakiya ka bar guda ɗaya ita kaɗai a kowane gefe ba, domin irinta tana da wuyar sayarwa. Matsa gefe ɗaya kawai. Haka nan ana ƙayyade yawan tikitin da mutum ɗaya zai saya a wasan da ake rububi, don haka ayarin mutum takwas su raba aikin tsakanin mutum biyu, su kuma haƙura da zama a jere.

Game da rana, akwai wasannin share fage, waɗanda ake nunawa kafin daren 'yan jarida. Sun fi araha a gidaje da yawa, amma aikin bai gama nuna ba: ana iya tsayar da wasa a tsakiya saboda na'urar dandamali ta ƙi juyawa, ana iya yanke wani fage gobe, kuma na daren farko shi ne aka fi sokewa idan shiri bai kammala ba. Mai zuwa daga nesa da tikitin jirgin ƙasa da ɗakin otal kada ya ɗora tafiyarsa a kan wannan dare. Na ƙarshen share fage, kwana ɗaya ko biyu kafin 'yan jarida, shi ne mai daɗin ciniki: wasa ya zauna, farashi bai tashi ba. Bayan sharhi ya fito, in ya yi kyau, abin da ya rage yakan tafi cikin sa'o'i, wasu gidajen ma suna ƙara farashi gwargwadon buƙata. Daren Litinin zuwa Laraba da wasan rana na tsakiyar mako sun fi Juma'a da Asabar sauƙin samu.

A lura da jadawalin National Theatre musamman, domin Rubasingham ta sanar da dawo da tsarin karɓa-karɓa, inda rukunin 'yan wasa ɗaya ke nuna wasanni biyu a ɗaki ɗaya, yau wannan gobe wancan. A irin wannan tsari, ganin an rubuta wasa zai yi wata uku ba ya nufin kullum ake yin sa. Duba kalandar rana-rana.

Kujera mai tsada ba kullum ce mai kyau ba, kowane ɗaki da halinsa. Olivier a buɗe yake kamar mafici, an kwaikwayi tsohon dandalin Epidaurus na Girka, kusan ko'ina ana gani, kuma layukan gaba na bene sun fi nuna yadda dandamalin ke juyawa. A ɗakin Lyttelton na National Theatre dandamalin kamar hoto yake cikin firam, wanda ya zauna can gefe zai rasa kusurwa ɗaya. A Donmar masu kallo sun kewaye dandamali ta ɓangare uku, kujerar gefe kan ba ka ƙeyar ɗan wasa a wani fage, ta ba ka fuskarsa dab da kai a wani. Globe ba shi da rufi a tsakiya, masu tsayuwa a fili su ne mafi kusa da wasan kuma su suka fi biyan kaɗan, amma tsayuwa ce ta awa biyu zuwa uku, ko ana ruwa ba a fasawa, ba a kuma yarda da lema ba. Masu zama su ma ginshiƙai biyu da ke riƙe da rufin dandamali kan tare musu wani sashe. Duk inda aka rubuta cewa ganin kujera ragagge ne, karanta dalilin. Ƙarfen jingina da ke gabanka ƙaramin abu ne. Rufin bene da ya sauko ya datse saman dandamali kuwa babbar asara ce idan wasan yana da hawa biyu.

Kafin ka danna biya, ka san cewa dokar Birtaniya da ke ba mai sayayya ta intanet kwana 14 ya fasa ba ta shafi tikitin da ke da tsayayyar rana ba. Abin da za ka samu sai abin da gidan ya yarda da shi, yawanci sauya rana ko a ajiye maka kuɗin a asusunka, in ka sanar kafin wa'adin da suka sa. Kuma tikitin na wasa ne, ba na ɗan wasa ba. Idan tauraron bai da lafiya aka sa ɗan ko-ta-kwana, ba a mayar da kuɗi. Wasu lokuta ana rubuta ranakun da tauraron ba zai fito ba tun farko, da ƙananan haruffa a ƙasan shafi. Mai keken guragu, ko mai buƙatar wasan da ake rubuta magana a allo, ko fassarar kurame, ko bayanin murya ga makafi, ya yi rajista da sashen kula da masu buƙata ta musamman tun kafin ranar sayarwa, don waɗannan kujerun ba sa bayyana ga wanda bai yi rajista ba, ranakun kuma ƙididdigaggu ne.

In an ce tikiti ya ƙare, da sauran hanya. Gidaje kan riƙe wasu kujeru har sai an gama kafa dandamali an ga inda ake gani da inda ba a gani, sai su sake su dab da farawa. Mutane kuma suna mayar da nasu, musamman a kwana biyun ƙarshe kafin wasa, don haka leƙa shafin safe da yamma yana biya. National Theatre na sakin tikitin fam 10 kowace Juma'a da ƙarfe ɗaya na rana don wasannin mako mai zuwa. Rumfar tikiti da ke dandalin Leicester Square, wadda ƙungiyar gidajen wasan Landan ke gudanarwa, tana sayar da na ranar da rangwame, sai dai ta fi ƙarfi a wasannin West End, unguwar manyan gidajen wasa na kasuwanci a tsakiyar Landan. Wasan da ya karɓu kuma sau da yawa akan ƙara masa kwanaki ko a mayar da shi babban gida a West End, ko a ɗauke shi a nuna a silima ta shirin NT Live da aka fara a 2009.

'Yan bumburutun intanet kuwa a bar su. Gidaje da yawa suna soke tikitin da aka sake sayarwa sama da farashinsa, sai mutum ya zo ƙofa na'ura ta ƙi karɓa. In dole sai ta hannun dillali, a duba yana da alamar STAR, ƙungiyar dillalan tikiti ta Birtaniya, kuma ya nuna lambar kujera da ainihin farashin da ke jikin tikitin kafin ya ɗora la'adarsa.