Ƙofar Tumbi da Ta Ƙi Buɗewa

Na ɗauki kusan shekara biyu ina kallon yadda yayana yake cin abinci kafin in gane cewa abin da nake gani ciwo ne. Ba ya zama cin abinci sai da babban kofin ruwa a gefensa, kowace loma kuma sai ya bi ta da kurɓi biyu ko uku, wani lokaci ma ya miƙe tsaye ya bankare ƙirji, ya ɗaga hannuwa sama yana jira har ta wuce, sannan ya sauke numfashi ya zauna. Da dare kuwa tari ne yake tayar da shi, ya tarar abin da ya ci tun da yamma ya dawo masa baki har ya ɓata matashin kai. An yi wata da watanni ana ba shi maganin olsa da na ƙwannafi, shi kuwa sai ramewa yake yi, har ranar da wani likita ya tambaye shi ko abin da yake dawowa yana da tsami. Ya ce, "A'a, Likita, yadda na haɗiye shi haka yake dawowa." Likitan ya ajiye biro ya ce, to, wannan abinci bai taɓa isa tumbi ba.

Sunan ciwon akalasiya, kalmar Girkanci ce da ke nufin rashin sakewa. Bututun da yake ɗaukar abinci daga maƙogwaro zuwa tumbi yana da tsawon kimanin santimita 25 a jikin babban mutum, kuma tsoka ce da take matsa loma tana tura ta ƙasa daki-daki. A ƙarshensa akwai wani zoben tsoka da yake zama a rufe domin kada ruwan tsamin tumbi ya hauro, yana kuma sakewa idan an haɗiyi wani abu. Umarnin sakewar yana zuwa ne daga wasu ƙananan jijiyoyi da ke cikin bangon bututun, kuma su ne suke mutuwa a wannan ciwo, abin da masu bincike da yawa suke dangantawa da garkuwar jiki da ta juyo kan mai ita. Idan suka mutu, zoben ya ƙi buɗewa, bututun ya daina turawa, abinci da ruwa su taru a sama, a hankali bututun ya buɗe ya zama kamar jaka. Ciwon ba shi da yawa, kusan mutum 1 cikin 100,000 yake kamawa a shekara, shi ya sa ake yawan ɗaukarsa a matsayin wani abu dabam. A Amurka ta Kudu cutar Chagas tana lalata waɗannan jijiyoyi ta haifar da irin wannan hali.

Gwaji uku aka yi wa yayana. An zura masa endoskof, wato siririn bututu mai lanƙwasuwa da kyamara da fitila a bakinsa, domin a tabbatar ba ciwon daji ne ya toshe wurin ba, tunda yana iya kwaikwayon akalasiya sak. An ba shi farin ruwan bariyom ya sha aka ɗauki hoto, na kuma ga hoton da idona: bututun ya kumbura daga sama, ya tsuke daga ƙasa kamar bakin tsuntsu, haka ma likitoci suke kiransa. Na uku shi ne manometiri, gwajin da yake auna ƙarfin matsin tsokar, wanda da shi ake raba ciwon gida uku bisa tsarin da ake kira na Chicago.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a bayanin likitan shi ne cewa babu maganin da yake farfaɗo da jijiyoyin da suka mutu. Duk abin da ake yi, raunana zoben ne domin nauyin abinci ya isa ya tura shi ƙasa. Tun a shekarar 1674 likitan Ingila Thomas Willis ya ba da labarin wani majinyaci da yake tura abinci da dogon ƙashin dabbar teku da aka ɗaura wa soso a kai, a 1913 kuma Ernst Heller na Jamus ya fara yanka tsokar ta hanyar tiyata, aikin da har yau yake ɗauke da sunansa, sai dai yanzu ta ƙananan huji a ciki ake yinsa.

Ta endoskof kuwa hanyoyi uku ne. Mafi sauƙi ita ce allurar Botox da ake yi wa zoben domin ya saki, amma ƙarfinta yana gushewa cikin wata 6 zuwa 12, don haka an fi ware ta ga tsofaffi da waɗanda jikinsu ba zai ɗauki babban aiki ba. Ta biyu ita ce buɗawa da balan-balan: ana saka shi daidai kan zoben a hura masa iska har zaren tsokar ya yayyage, ana farawa da mai faɗin milimita 30, idan bai isa ba a koma 35, sannan 40. Tana aiki sosai, kuma galibi mutum yana komawa gida a ranar, sai dai sau da yawa ana bukatar maimaitawa, akwai kuma ɗan haɗarin fashewar bangon bututun, wanda ba abin wasa ba ne.

Ta uku, wadda aka yi wa yayana, ita ce POEM, wato yanka tsokar da endoskof ta baki, wadda Haruhiro Inoue ya fara yi wa mutum a birnin Yokohama na Japan a 2008. Na daɗe ina mamakin dabarar da ke cikinta. Bayan an sa majinyaci barci, likita yana shiga ta baki, ya tsaya kimanin santimita 10 sama da zoben, ya yi allurar ruwa mai launin shuɗi a ƙarƙashin fatar cikin bututun domin ta ɗago daga jikin tsoka. Sai ya ɗan tsaga fatar, ya cusa kan endoskof ɗin ta wannan tsaga, ya yi ta haƙa rami tsakanin fata da tsoka har ya gangara santimita 2 ko 3 cikin bangon tumbi. Daga cikin ramin ne yake yanka zaren tsokar da ya kewaye bututun har ya ratsa zoben, sannan ya ja da baya ya ɗinke tsagar da ƙananan maƙalai na ƙarfe. Hikimar ita ce wurin da aka tsaga fata yana sama, wurin da aka yanka tsoka yana ƙasa, don haka lafiyayyar fata ce take lulluɓe da yankan. Iskar da ake hurawa ma kabon dayoksaid ce, saboda jiki yana shanye ta da sauri idan ta kauce zuwa ƙirji ko ciki. Tunda likita yana iya tsawaita yankan yadda ya ga dama, wannan hanya ta fi dacewa da kashi na uku na ciwon, inda bututun yake murɗawa da ƙarfi yana jawo ciwon ƙirji.

Likitoci suna auna nasara da ma'aunin Eckardt, wanda yake ba da maki daga 0 zuwa 12 bisa wahalar haɗiya, dawowar abinci, ciwon ƙirji da ramewa, duk wanda ya sauko zuwa 3 ko ƙasa an ce aiki ya yi. A 2019 an buga manyan bincike biyu. A na farko an gwada POEM da balan-balan, bayan shekara 2 aka sami nasarar kashi 92 cikin 100 a kan 54. A na biyu, mai majinyata 221, an gwada ta da tiyatar Heller, sakamakon ya zo kusan kunnen doki, kashi 83 da kusan 82.

A nan ne nake ganin ana yawan taƙaita wa majinyata bayani. Ƙofar da aka raunana domin abinci ya sauka, ita ce ƙofar da ruwan tsami zai bi ya hauro. Mai yin tiyatar Heller yakan naɗe wani ɓangare na tumbi a gindin bututun ya zama kariya, a POEM kuwa yawanci ba a yin haka. Shi ya sa a wancan bincike na biyu, bayan shekara 2, aka ga alamun ƙunar tsami a bututun kashi 44 cikin 100 na waɗanda aka yi wa POEM, a kan 29 na masu tiyata, kuma da yawansu ba sa jin komai, sai an leƙa ake gani. Rashin tabo a fata abu ne mai jan hankali, na san ya ja namu, amma a ganina bai kamata ya zama shi ne yake yanke hukunci ba. Matashin da zai yi shekara 40 yana shan maganin rage tsami yana da haƙƙin sanin haka kafin ya sa hannu a takarda, haka nan ya tambayi likitan sau nawa ya taɓa yin aikin, domin hannu ne da sai an daɗe ana yi yake faɗawa.

Yayana ya kwana biyu a asibiti, ya fara da ruwa-ruwa, ya koma abinci mai laushi na wasu makonni. Washegarin aikin na miƙa masa kofin ruwa, ya kurɓa ya yi shiru, na ce, "Yaya, lafiya?" Ya dafa saman cikinsa ya ce ya ji sanyin ruwan a nan, wurin da ya manta ruwa yana isa. Yanzu yana shan ƙwayarsa kowace safiya kafin karin kumallo, ya ɗaga kan gadonsa, ba ya kwanciya sai abinci ya yi awa 3 da sauka, likitan kuma ya rubuta masa ranar da zai koma a sake leƙa bututun ko da ba ya jin komai. Kofin ruwan yana nan a gefensa idan ya zauna cin abinci, tunda bututun har yanzu ba ya turawa da kansa, amma ya daina miƙewa tsaye.