Rasberi: Amfaninsa da Abin da Ke Isowa Gare Mu a Katsina

Ban taɓa ganin ɗanyen rasberi da idona ba sai bara, lokacin da yayana ya dawo daga Abuja da shi a ɗan mazubin roba, a cikin kula mai ƙanƙara. Ɗan itace ne ja, bai kai girman kanya ba, ƙananan ƙwayoyi ne suka manne da juna, tsakiyarsa kuma a rarake take kamar hula. Kafin la'asar na ƙasan sun riga sun dagargaje. Gwaggo ta ɗanɗana ɗaya, ta yamutsa fuska saboda tsami, ta ce, "Ɗan nan, a kan wannan ka kashe kuɗinka?"

Tambayarta ce ta sa na bi diddigin amfaninsa. A cikin giram 100 na rasberi akwai kalori 52 kacal, sukarinsa bai kai giram 5 ba, amma yana ɗauke da giram 6.5 na fayiba, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa, wanda ke sauƙaƙa bayan gida, ya sa mutum ya daɗe a ƙoshe, ya kuma rage saurin shigar sukari cikin jini. A ganina nan ne darajarsa take, domin da wuya a samu ɗan itacen da ya haɗa fayiba mai yawa da sukari kaɗan kamar haka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla giram 25 na fayiba a kullum. Wani ɓangaren fayibar rasberi kuwa yana cikin 'yan tsabar nan da ke maƙale wa mutum a haƙora. Akwai kuma bitamin C kimanin miligiram 26, da sinadarin manganis mai taimakon ƙashi. Jan launinsa daga antosayanin yake, dangin sinadarin da ke rina zoɓo.

Matsalar ita ce rasberi ɗan ƙasar sanyi ne. Rasha da Meziko da Sabiya da Folan suna cikin manyan masu noma shi, kuma ko a can ɗin, kwana biyu zuwa uku yake yi a firji kafin ya fara fumfuna, balle a zafinmu na watan Afrilu ga ƙarancin wuta. Saboda haka abin da muke gani a kantuna yawanci jam ne da alewa da lemon kwalba masu hotonsa a jiki, waɗanda aka cika da sukari, wani lokacin ma ƙamshinsa kawai aka sa. Mai ciwon suga da ya saye su don ya ji an yabi rasberi, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago. Haka nan ƙwayoyin rage ƙiba da ake tallatawa da sunansa a Facebook, babu ingantaccen bincike a kan mutane da ya tabbatar suna aiki.

Da na koma kan gwaiba, sai na tarar giram 100 nata na da fayiba sama da giram 5, bitamin C ɗinta kuma ya ninka na rasberi fiye da sau takwas. Na kai wa Gwaggo wannan labari tana tankaɗen garin kuka, ko kai ba ta ɗaga ba, sai ta ce in na fita ta Ƙofar Ƙaura in sayo mata gwaiba, amma mai jan ciki.