Azumin mako uku da ƙwai a baki

Da yammacin wata Laraba na lura ɗaya daga cikin kifayena ba ta ci abinci ba. Na barbaɗa abincin kamar kullum, sauran biyar suka yi caa a kansa, ita kuwa ta fito daga bayan dutse, ta zo daf da abincin, ta tsaya tana kallo, sannan ta juya. Washegari ma haka. Rana ta uku na ga ƙasan haɓarta ya kumbura, baki a rufe gam, tana ta motsa muƙamuƙi kamar tsohuwa mai taunar goro. Na ce shi ke nan, ciwo ya shigo tanki.

Kifayen nan 'yan rawaya ne na Tafkin Malawi, daga dangin da ake kira siklid, sunansu a wurin masana Labidochromis caeruleus. Abin dariya, kalmar ta biyu ma'anarta shuɗi, domin waɗanda aka fara bayyanawa a 1956 fari-farin shuɗi ne. Masu rawayar da suka cika shagunan duniya daga baya aka gano su. Tsawonsu ba ya wuce santimita 10, da baƙin layi a ƙayar baya. Na saye su shida ina sabon shiga, na sa su a tankin gilashi mai cin lita 200 a falo, na jera musu duwatsu a kan yashi. Mai shagon ya rantse mini cewa maza biyu ne da mata huɗu. Hujjarsa ita ce ɗigo-ɗigon da ke kan fiffiken ƙasa, kusa da wutsiya: mai ɗigo namiji, marar ɗigo mace. Na biya kuɗi na yi godiya.

To, a rana ta huɗu na ɗauko 'yar koma, na cika bokiti da ruwa, na zuba gishiri kaɗan, wai zan keɓe marar lafiya. Kifi na ganinka mai jar koma. Sai da na kwashe rabin duwatsun, ruwa ya gurɓace, hannun rigata ya jiƙe har kafaɗa, kafin na ritsa ta a kusurwa. Ina ɗago ta sama ta buɗe baki, sai ga wasu ƙwayoyi masu launin gwaiduwa, kowanne kamar ƙwayar dawa, suna gangarowa ta ramukan komar. Na ƙirga goma sha ɗaya da idona. Kafin in ajiye komar, sauran kifayen sun wawashe waɗanda suka faɗa cikin tanki. 'Yata da ke tsaye a gefe ta ce, "Abba, amai ta yi?" Na rasa amsar da zan ba ta.

Na ɗauki hoton ƙwai uku da suka maƙale a raga na aika wa kawuna, wanda ya daɗe yana kiwon tarwaɗa da karfasa a wajen Tiga. Ko minti biyar ba a yi ba ya kira, yana dariya har da tari.

"Kai ɗan nan, mai jego ka kama da koma? Ai karfasa ce wannan, rawaya kawai aka shafa mata."

"Kawu, daga Malawi fa aka kawo irinta."

"Ko daga Sin aka kawo ta. Wadda ta rufe baki ta ƙi abinci, haɓa ta sauko, ƙwai ne a ciki. Ba ka taɓa fede karfasa ka ga 'ya'ya a bakinta ba?"

Gaskiyarsa ce. Karfasar da muke soyawa da yaji ita ma siklid ce, kuma macenta a baki take ƙyanƙyasa. Na shekara talatin ina cin kifin nan ban sani ba, sai da na kashe kuɗi a kan ɗan uwansa na ado.

Ranar Asabar na je wurinsa, kuma a bakin kududdufinsa na koyi abin da mai shago bai gaya mini ba. Masu kiwon karfasa sun fi son maza, saboda sun fi saurin girma, kuma in aka bar maza da mata tare sai su yi ta haihuwa har ruwa ya cika da ƙanana da ba sa girma. Don haka dole su iya tantancewa, kuma ba sa kallon launi. Kawu ya jiƙa hannunsa, ya kamo ɗaya, ya kifar da ita ciki a sama, ya ɗiga mata shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo a ƙasan ciki. Nan take wurin ya fito fili. Akwai dubura a gaba, bayanta kuma wani ɗan tudu. Na namiji siriri ne mai tsini, da huda ɗaya a ƙarshensa. Na mace ya fi faɗi da zagaye, da tsaga a tsakiya inda ƙwai ke fita. Ya sa na gwada guda goma, na ci bakwai. Ya ce, "Ba laifi. Amma ka jiƙa hannu kullum, yauƙin jikinsa shi ne rigarsa. Kuma kada ka riƙe shi a waje ya wuce yadda kai za ka iya riƙe numfashinka."

Da na dawo gida na jira mako biyu tanki ya lafa, sannan na yi wa nawa. Su ƙanana ne, ido kaɗai ba ya isa, sai na roƙi uwargida ta riƙe waya tana ɗaukar hoto da haske, ni ina riƙe da kifi a jiƙaƙƙen tafin hannu. Daga baya muka zauna muna faɗaɗa hotunan. A irin waɗannan ramuka biyu ake dubawa. In girmansu ya yi kusan ɗaya, namiji ne. In na bayan ya fi na gaban faɗi sosai, mace ce. Sakamakon ya ba ni haushi: maza huɗu, mata biyu. Uku daga cikin "matan" da na saya maza ne da suka ji tsoron babban namijin, suka disashe launinsu, baƙin fiffikensu ya koɗe, suka koma rakuɓe a saman tanki kusa da matatar ruwa. Ita kuma wadda ta tofar da ƙwai a hannuna, da ɗan ɗigonta a fiffike. Wato da an bi maganar mai shago, namiji ne ya yi ƙwai a gidana.

Ba na cewa launi ba shi da amfani sam. Namijin da ya mallaki fili yakan fi girma, fikafikansa na ƙasa baƙi ƙirin. Amma shi kaɗai launin yake nunawa. Sauran sai an juya su, kuma ko juyawar ba ta faɗin gaskiya sai kifi ya kusa balaga.

Na ba wani abokina maza uku, na samo mata biyu da na duba da hannuna kafin in biya. Namiji ɗaya, mata huɗu. Dalilin yawan matan shi ne namijin ba ya gajiya da nema, in mace ɗaya ce zai kore ta har ta rame, in suna da yawa fitinar ta rarrabu. Na ƙara duwatsu yadda wadda ta gudu za ta ɓace wa ganinsa.

Bayan kamar wata ɗaya, da safe bayan na canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, na ga abin da idona. Tun daren jiya namijin yake kwasar yashi da baki yana tofarwa gefe, har ya share wani fili a gindin faffaɗan dutse. Da mace ta gifta sai ya sha gabanta, ya karkace, ya baje fikafikai, jikinsa na karkarwa kamar mai masassara. Ta bi shi. Suka shiga zagaye, kan wannan a wutsiyar wancan. Ta ajiye ƙwai ɗaya ko biyu, ta juyo da sauri ta tsince da baki. Shi kuma ya kwanta a karkace ya shimfiɗa fiffiken ƙasa a kan yashi, ta kai baki tana tsattsagar wurin, a nan ya saki maniyyinsa ya shiga bakin tare da ƙwan. Haka suka yi ta yi kusan awa guda. Shayina ya huce a hannu. Da aka gama ya kore ta kamar bai taɓa ganinta ba, kuma iyakar aikinsa ke nan.

Wannan karon ban ɗauko 'yar koma ba. Na rubuta ranar a jikin kalanda. Taunar da na ɗauka ciwo ce, juya ƙwan take yi domin ruwa mai iska ya ratsa su kada su ruɓe. Abin da ya ba ni wahala shi ne hunturu. Kifayen nan suna son ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 27, ga shi ana ɗauke wuta da dare, hita ta mutu, da asuba ma'auni ya sauka zuwa 21. Sai na koma lulluɓe tankin da tsohon bargo, ina saka gorar roba cike da ruwan ɗumi tana yawo a sama, famfon iska kuma na haɗa shi da batir. Uwargida ta ce ko lokacin jegonta ban yi wannan hidimar ba. Ban musa ba.

Wajen kwana goma sha biyar haɓar ta yi duhu, in ta fuskanci haske kana hango ƙananan idanu ta cikin fatar. Cikinta kuwa ya lotse. Masu sayarwa sukan buɗe bakin uwar da tsinke a wannan lokaci su zazzage 'ya'yan, don ta koma cin abinci ta sake yin ƙwai da wuri. Ni ban yi ba. Bayan abin da hannuna ya jawo a karon farko, ban yarda da kaina ba. A daren kwana na goma sha takwas, bayan an kashe fitila ta yi lamo, na tura ta a hankali cikin kofin roba a ƙarƙashin ruwa, ba tare da ta fito iska ba, na mayar da ita ƙaramin tanki mai ruwan da na ɗebo daga babban, da kaskon ƙasa a kife da 'yan tsakuwa.

Sanyin ya ja lokacin. Sai a kwana na ashirin da biyar, na dawo daga masallaci da asuba na haska tocila, na ga wasu 'yan abubuwa kamar yankan farce, rawaya-rawaya, suna lafe a jikin tsakuwa. Goma sha huɗu. Uwar tana gefe, haɓa ta koma daidai. Na murtsuke abinci tsakanin yatsu ya zama gari na zuba, ita ta fara kai baki, ta ci kamar ba gobe. Na bar ta kwana biyu tare da su, sannan na ware ta mako guda ita kaɗai ta murmure kafin ta koma wurin namijin, don in ta koma a rame zai sake tasa ta gaba.

Goma sha biyu suka rayu. Yanzu watansu biyar, kowanne ya kai tsawon ɗan yatsa, dukkansu rawaya da baƙin layi, ba ka bambance ɗaya da ɗaya. Makon jiya wani maƙwabci ya zo yana son namiji ɗaya da mata uku daga ciki, ya nuna wani mai ɗigo ya ce wannan ai namiji ne. Na ce ya ƙara musu wata biyu, ranar da zai dawo kuma ya zo da cajin waya, shi zai riƙe haske.