Zoɓo, kanwa da rahoton mai duba malamai

Na ajiye aikin koyar da kimiyya a makarantarmu da ke gaɓar kogin Nilu Azraƙ, kudu da garin Sinnar a ƙasar Sudan, bayan shekaru masu yawa ina tsaye a gaban yara 'yan shekara 12 zuwa 14, tun ana kiransu 'yan aji bakwai da takwas na asas, wato firamare, har aka dawo da matakin mutawassiɗa, wato makarantar midil. Abokan aikin da suka san wurin sun san cewa duk kayan gwajin da muka mallaka suna cikin kabad guda a ofishin mudir, wato shugaban makaranta, kuma ba su wuce ma'aunin zafi ɗaya da maganaɗisu da gilashin ƙara girman abu ba. Littafin manhaja kuwa an rubuta shi ne bisa zaton cewa malami yana da takardar litmus, mai sauya launi don gwada tsami, da kwalaben sinadarai a hannunsa. Yaranmu mafi yawansu jikokin Hausawa da Fulanin da suka biyo hanyar gabas ne bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno da ƙauyukan da ke kewaye da ita, tare da waɗanda hanyar hajji ta ajiye daga baya. Da Hausa suke tashi a gida, da Larabci ake yi musu jarrabawa, kuma a tsakanin waɗannan biyun ne aikin malamin kimiyya yake.

Abin da na dogara da shi tun farko shi ne cewa yaron da ya zo aji ya riga ya ga rabin darasin a gidansu, sai dai ba a taɓa gaya masa cewa abin da ya gani yana da suna a littafi ba. Randar ruwa, wadda ake kira zir a nan, ita ce ta fara tabbatar mini da haka. Kowane yaro ya san ruwan randa ya fi na jarkar roba sanyi, amma idan ka tambaye shi dalili sai ya ce yumɓu ne mai sanyi. Mukan ajiye randa da jarka a inuwa ɗaya tun da safe, mu auna zafin ruwan kowanne bayan azahar, sannan in sa su shafa bayan randar su ji damshin da ke tsattsafowa ta ƙananan kafofin yumɓu. Wannan damshin ne yake zama tururi, kuma kowane giram ɗaya na ruwa da ya tashi yana tafiya da zafi kimanin jul 2,400 (jul ma'aunin makamashi ne), alhali jul 4.2 kacal ake cirewa kafin giram ɗaya ya sauka da digiri ɗaya. Idan suka yi rabon da hannunsu suka ga cewa giram ɗaya da ya tashi ya isa ya sanyaya fiye da rabin lita da digiri ɗaya, sai tambayoyi su fara fitowa daga bakinsu: me ya sa randa ba ta sanyi sosai da damina, me ya sa wadda aka shafa wa fenti ba ta da amfani, me ya sa iyaye mata suke kankare tsohuwar randa ko su sayi sabuwa. Duk amsoshin suna cikin darasin, kuma daga nan zuwa bayanin aikin gumi a jikin mutum taki ɗaya ne.

A kan irin wannan darasi ne aka yi mini abin da har yau bai bar zuciyata ba. Ranar muna kan babin sinadarai masu tsami da kishiyoyinsu, na jiƙa karkade, wato zoɓo, tun da dare, na tace shi na sirka da ruwa har ya yi haske, na ari ƙananan kofunan gilashi wajen mai shayin da ke bakin ƙofar makaranta na jera su a kan tebur. Launin ja na zoɓo yana sauyawa gwargwadon abin da aka zuba masa, don haka yana yin aikin da litmus yake yi. Muka matsa lemon tsami a kofi na farko, jansa ya ƙara haske. Muka zuba jiƙon tsamiya a na biyu, ya bi sahun na farko. Da muka ɗiga ruwan kanwa a na uku sai ya juye ya yi kore mai duhu, ajin ya ɗauki hayaniya, waɗanda ke baya suka miƙe tsaye don su gani. A daidai lokacin ne muwajjih, jami'in da ake turowa duba aikin malamai, ya shigo tare da mudir ya zauna a bencin ƙarshe.

Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba, saboda Larabcinta bai nuna ba, ta ɗaga hannu ta ce da Hausa, "Ustaz, ai haka zoɓo yake yi idan ya zube a kan toka a madafarmu." Na ce mata, "Haka ne, 'yata. To toka tana ɓangaren lemo ne ko ɓangaren kanwa?" Ajin gaba ɗaya ya amsa cewa ɓangaren kanwa take. Daga nan na koma Larabci, na rubuta sunayen rukunan biyu a allo kamar yadda suke a littafi, na sa su jera lemo da tsamiya da nono a ƙarƙashin ɗaya, kanwa da toka da sabulu a ƙarƙashin ɗayan. Muka rufe da matsa lemo a cikin koren kofin, ya yi ɗan kumfa, launinsa ya dawo ja, na bayyana musu cewa kumfar iskar kabon dayokzayid ce, kuma abin da suka gani shi ne yadda ɗayan yake kashe ƙarfin ɗayan. A iya sanina, ban taɓa yin darasin da ya shiga kan yara kamar na wannan rana ba.

Muwajjih bai tambayi yaro ko ɗaya komai ba. Ya karɓi daftarin shirin darasi, ya gwada shi da jadawalin manhaja, ya ga ina baya da babi guda, sannan a ofis, a gaban mudir da wasu malamai biyu, ya ce mini da Larabci, "Ustaz, an turo ka nan ne ka koyar da manhaja, ba ka mayar da aji madafa ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ka koma ajin ka zaɓi duk yaron da ka ga dama ka yi masa tambaya daga littafi." Ya ce ba yara aka aiko shi ya duba ba. A rahotonsa ya rubuta abu uku, cewa ina ɓata lokacin darasi da abin da ba ya cikin littafi, cewa ina amfani da harshen da ba na koyarwa ba, kuma cewa ina baya a jadawali. Bai rubuta cewa makarantar ba ta da takardar litmus ko ɗaya ba, bai kuma rubuta cewa babin da na makara a kansa ruwan sama ne ya hana mu shiga aji har muka rasa kwanakinsa ba, alhali mudir ya gaya masa haka a gabana.

Wannan rahoto ya jinkirta mini ƙarin girma, kuma horon da aka ware wa malaman kimiyya a birnin Wad Madani a shekarar, wanda na daɗe ina nema, aka ba wani. Mudir mutumin kirki ne, ya ba ni haƙuri a keɓe, amma bai rubuta komai don kare ni ba, kuma na fahimci cewa shi ma yana tsoron nasa rahoton. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne batun harshe. Jumla biyu na yi da Hausa a cikin darasi na minti arba'in, kuma da su ne yarinyar da ta yi shiru tun farkon shekara ta shiga darasin, ta kuma rubuta amsarta da Larabci daidai a gwajin ƙarshen wata. Mutumin da ya ɗauki wannan a matsayin laifi bai san aikin da yake dubawa ba, kuma ina faɗin haka ne bayan na yi shekaru ina juya maganar a raina ko zan samo masa uzuri.

Ban daina ba, sai dai na koyi kare kaina, kuma wannan ita ce shawarar da nake ba matasan malamai kafin kowace. Duk gwajin da za ka yi da kayan gida, ka rubuta shi a daftarin shiri a ƙarƙashin sunan babin da lambar shafin littafi, da kalmomin manhaja, domin mai dubawa takarda yake karantawa. Ka ajiye takardun gwajin yara a wurinka, kada ka bar su a ofis. Kada kuma ka bar misali ya tsaya a labari mai daɗi, ka kai shi ga awo da lissafi da sunan da za a tambaye su a jarrabawa, saboda idan yaro ya ji daɗin darasi ya fāɗi jarrabawa, kai ne ka ba masu sukar hanyar hujja.

A ɓangaren kimiyyar rayuwa, darasin da na fi alfahari da shi shi ne na tsargiya. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe magudanan noman Jazira, ruwa mai tafiyar hawainiya ya yawaita a yankin, kuma a cikinsa ne ƙananan katantanwar da ke ɗauke da cutar suke hayayyafa. Yara maza da yawa suna ganin jini a ƙarshen fitsarinsu su ɗauka ba komai ba ne, tunda abokansu ma haka suke. Nakan ɗebo katantanwar da cokali mai dogon hannu in sa a kwalba rufaffiya, in hana kowa taɓa ruwan, su duba ta da gilashin ƙara girma, sannan mu zana zagayen a allo: ƙwai ya fita da fitsari ya shiga ruwa, ya ƙyanƙyashe, ɗan tsutsar ya shiga katantanwa ya yawaita, ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai kamun kifi, ya girma a cikin jiki ya zauna a jijiyoyin jini na kusa da mafitsara. Nakan gaya musu cewa likitan da ya gano tsutsar, Theodor Bilharz, a Alƙahira ya gano ta a 1851, wato a kan wannan kogin namu, kuma maganinta, praziquantel, ƙwaya ce da ake sha bisa nauyin jiki. Wani uba masunci ya taɓa tare ni bayan sallar la'asar ya ce, "Malam, yaron nan ya hana ƙannensa fitsari a bakin ruwa, ya ce kai ka faɗa, shi ne na ce bari in ji daga bakinka." Na yi masa bayani a tsaye, washegari ya kai 'ya'yansa asibiti.

Sauran darussan ba su buƙatar dogon bayani ga wanda ya san gidajenmu. Ƙullun kisra, gurasar dawa marar kauri, da ake bari ya kwana, a sa masa ɗan ragowar na jiya, ya isa darasin ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani. Dawar da ake tsirarwa don hilu-mur, abin shan buɗa baki, kafin azumi tana nuna yadda sitaci yake komawa sukari a cikin tsaba. Garin ƙwayar zogale da mata suke zubawa a ruwan kogi lokacin da ya yi jajir da laka yana koyar da yadda ƙananan ɓarɓashi suke haɗuwa su kwanta a ƙasa, tare da gargaɗin cewa ruwa ya yi garau ba ya nufin ya rabu da ƙwayar cuta. Kifin da aka fasa a gaban aji, da jakar iskar da ke cikinsa, ya fi zanen littafi bayyana dalilin nutsewa da tasowa.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe makarantu na dogon lokaci, kuma yaran da za su dawo hannun wanda ya gaje ni sun yi asarar karatu mai yawa, kayan kabad ɗin ma ba na zaton za a ƙara musu wani abu nan kusa. Babin lantarki shi ne wanda ban taɓa gamsuwa da yadda kayan da ke hannuna suka ba ni damar koyar da shi ba, amma yanzu farantan hasken rana sun yawaita a masallatai da shagunan cajin waya, kowanne da batirinsa da wayoyinsa a fili. Shawarata ga wanda ya gaje ni ita ce ya nemi izinin mai shago ya kai yaran rukuni-rukuni su bi wayar da ido daga faranti zuwa batir zuwa kwan fitila, su zana da'irar a daftarinsu da alamomin da ke cikin littafi, kuma ya rubuta ziyarar a shirin darasi, mudir ya sa hannu, kafin ranar da za a fita.